Jan Layi a Fuskar Umma

"Wa ya yi wannan?!"

Darakta ya juyo, jan alƙalami a hannunsa. Matarsa ce tsaye gaban allon da aka manna zane-zanen fim ɗin.

"Ni ne, zuciyata. Ai haka aikin yake... duk fitowar da muka ɗauka sai in soke zanenta, kar mu maimaita."

"Ka kuwa dubi abin da ka soke?"

Bai duba ba. Shi kibiyoyin da ke jikin zanen kawai yake bi, inda kyamara za ta tsaya da inda za ta juya. Ranar da ya lallaɓa ta ta ajiye littafinta na labarin zane don ta taya shi zana fitowar fim ɗin, sai da ya ce kar ta wahalar da kanta, da'ira da 'yan layuka ma sun isa mutum. Ita kuwa hannunta bai saba ba. A littafi zane shi ne aikin, ba a taka shi a wuce.

Ya matso. Cikin ɗan akwatin zanen, uwar jarumar na murmushi, ga wushirya, ga ɗan tabo gefen hanci. Jan layi biyu sun gitta fuskar.

Sai a lokacin ya gane ta.

"Umma ce..."

"Tun rasuwarta nake neman fuskar nan, ta ƙi zo min." Ta nuna zanen. "Sai a aikinka ta zo. Na so ka gane ta da kanka."

Mai kyamara ya sulale waje, 'yan wasa suka bi shi.

Surukar da ta riƙe shi kamar ɗan cikinta! Ya sa yatsa zai goge, tawadar ta ƙara bajewa.

"Bari! Ƙarasa ta za ka yi?"

Ya durƙusa cikin wayoyin fitilu, idonsa ya ciko.

"Ki yafe min, masoyiya. Ki sake zana ta, don Allah."

"In ta ƙi zuwa fa?"

Ya zaro farar takarda da fensir, ya miƙa mata.

"Ni ma ina riƙe da rabona na fuskarta. Girarta ta hagu takan ɗaga idan na yi mata ƙarya."

Dariya ta suɓuce mata cikin kuka.

"Kullum a ɗage kenan."

Rana na ta janyewa daga taga, ɗaukar yau ta tafi. Ko waiwaya bai yi ba.

Ta karɓi fensirin.

"To, ina jin ka... a hankali."