Umarnin da Yaya Bai Rubuta Ba

Ana shirin kiran magariba nas ta bugo mini waya. Wata mai haihuwa tana zubar da jini, jininta kuma irin wanda ba a cika samu ba ne, ko leda ɗaya babu a firij. Sunayen masu ba da irinsa da lambobinsu suna cikin kwamfutar ɗakin gwaji, ni ce kuma mai kula da ita tun rasuwar Yayana.

Da na isa asibiti, Baba mai gadi ya ga na zaro makullin ɗakin, ya ce in bari a idar da salla, ɗakin nan ba ya son baƙo a wannan lokaci. Na ce ɗakin ya yi haƙuri, ni ma ba zumunci ya kawo ni ba.

Gaskiya ni ba gwana ba ce. Yaya ne ya saita baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni, yadda duk abin da aka rubuta zai shiga wani fayil na tarihi, ko an kashe an kunna yana nan. Rubutunsa ne na shekara goma sha ɗaya. Ni nawa kawai in danna kibiyar sama, tsohon umarni ya dawo, in buga maɓallin Enta ya aiwatar. Na neman masu ba da jini, danni uku ne kullum. Hannuna ya haddace, idona ya daina karantawa. Yaya ya sha yi mini faɗa, yana cewa ragwancina zai ja wa wani bala'i wata rana.

Ɗakin ya yi sanyi fiye da kullum. Firij yana gurnani. Ban da warin maganin goge ƙasa, akwai wani ƙauri kamar na gashi a wuta.

Na zauna. Ɗaya, biyu, uku. Yatsana ya hau kan Enta.

Ban san abin da ya sa na ɗaga ido ba. Umarnin da ke allon ba na nema ba ne. Na gogewa ne: duk sunayen, har da kwafin ajiya.

Na sake danna kibiya. Shi ne. Na sake. Shi ne dai.

Firij ya yi shiru. A bayana, tsohuwar kujerar Yaya ta yi ƙara, irin ta an zauna.

"Danna kawai, Auta," aka raɗa mini. "Ni na rubuta."

Muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Hawaye ya cika mini ido. Wata bakwai ina roƙon Allah in sake jin ta ko a mafarki.

Sai na tuna ɗabi'arsa. Duk umarnin da zai iya yin ɓarna, Yaya yakan fara shi da barin gurbin harafi ɗaya, saboda ya riga ya saita kwamfutar kada ta adana umarnin da ya fara haka. Cewa yake ba ya barin wuƙa a inda na saba lalube. A shekara goma sha ɗaya, bai bar umarnin gogewa ko ɗaya a tarihi ba.

Tsorona ya koma fushi.

"Ƙarya kake," na ce. "Muryarsa ka sata, ba ka san hannunsa ba."

Wani abu mai sanyi ya kama yatsana. Ya fara danne shi.

Na ja. Ya fi ni ƙarfi.

Enta ya fara nutsewa.

Na yi bisimilla, na fizge kibod ɗin da hannun hagu. Yatsan ya daki tebur. Na ji ƙas.

Na share layin. Da hagu, harafi bayan harafi, na rubuta umarnin neman da kaina, ina karanta shi da ƙarfi. Ashe yana cikin kaina, ragwanci ne kawai. Numfashi mai ƙauri yana hura mini ƙeya.

"Auta."

"Ba kai ka raɗa mini sunan ba," na ce.

Lambobi huɗu suka fito. Na kwafe su a damtsena da biro, na zare wayar wuta, na yi waje. Ƙofar ta rufe kanta da ƙarfi, ta kama bakin mayafina. Na bar mata shi.

Mutum na biyu da na kira ya zo. Matar ta rayu, jaririyar ma.

Washegari da na ba likita labari, ya ce in goge tarihin gaba ɗaya mu huta. Na ƙi. Rubutun ɗan'uwana ne, ba zan zubar da shi don wani ɓarawon murya ba. Na cire layukan da ba nasa ba, na kwafe sauran a wani wuri.

Yatsan bai miƙe ba har yau. Kowace magariba kuma sabon layin gogewa yana shigowa ƙasan fayil ɗin. Da safe in karanta shi tsaf, in ce masa sannu da ƙoƙari, in share.