Abincin Baba Ya Huce

Ranar da Auta ta fara ganinsa, haushinsa ta ji. Tana tsugune a ɗakin girki, ta jera yankakken tumatir a faranti, ta saita waya, sai inuwar mutum ta rufe komai.

"Malam, ka tare min haske."

Saurayin ya leƙo ta tsohuwar tagar, ma'auni a hannunsa. "Ai hasken na zo ƙara muku. Baba ya ce a faɗaɗa tagar nan." Ya dubi farantin, ya dubi wayar. "Gasar ɗakin karatu za ki shiga?"

Ita ce kuwa. Ɗakin karatun unguwa ya sa gasar hoton abinci ta 'yan koyo, kowa hoto ɗaya, da waya, ba gyara. Auta ta ɗauki hotuna har wayarta ta fara kukan cika, amma duk wanda ta duba sai ta ga kamar na jikin kwalin taliya.

"Kashe filashin," in ji shi. "Matso da farantin gefen taga, hasken ya zo ta gefe. Yauwa. Kin ga ruwan tumatirin yanzu?"

Ta gani. Ta kuma ga yana da wushirya, abin da ba ta shirya gani ba. Kafin ya gama sa gilashi, 'yan gida sun laƙaba masa Mai Taga, lambarsa kuma ta shiga wayarta, wai don gyaran hoto.

Gyaran hoto ya zama hira, hira ta zama abin da kowa ya sani. Ta kan tura masa hoto, ya amsa: "Hasken ya yi, 'yar rigimata. Amma kin cika farantin da ado, ido ya rasa inda zai sauka. Rage cokula." Ita kuma ta rubuta: "Kai dai ba ka iya yabo ba. Sauran samari cewa suke komai nawa ya yi kyau." Shi kuma: "Ke kin yi kyau. Ƙwan da ke hoton ne bai yi ba."

Matsalar ita ce Baba. Tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cin sanyayyen abinci a gefen titi, kuma ranar da ya ajiye tuƙi ya rantse a gidansa sai mai tururi. Yanzu ga shi da an sauke tukunya Auta za ta ce, "Baba, minti ɗaya." Ta juya kwano, ta goge gefe, ta hau kujera, ta jira gajimare ya wuce. Kafin ta ce a ci, man miya ya daskare.

Da Mama ta kawo masa zancen Mai Taga yana son turo magabatansa, Baba ko kai bai ɗaga ba.

"Wanda ya koya mata wannan tsiyar? Na kira shi ya sa min taga, ya raba ni da abinci mai zafi. Mutumin da zai bar mai jin yunwa ya zauna yana kallon kwano, shi zai riƙe min 'ya? Ga ɗan aminina mai shagon taya, ka ba shi abinci ya cinye ya yi godiya."

Mai shagon taya kuwa ya riƙa zuwa, yana lashe faranti, yana ce wa kowane hoto "kamar na kanti." Auta ta ji kamar ta yi ihu. Hoto ya ƙi, Baba ya ƙi, ga kuma sama ta haɗe a makon ƙarshe na gasar, rana ko leƙowa ba ta yi.

A cikin wannan ƙuncin ta tura wa Mai Taga hoton da take ganin ya fi, shinkafa da kifi, komai tsaf. Amsar ta zo: "Ya tsaru. Amma kamar babu wanda zai ci shi, sahibata. Ban ji yunwa ba da na gani."

Ta rubuta: "To ka je ka nemi mai iya ɗauka." Ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin filo. Da ta kunna washegari ta tarar da saƙonsa: "Hoton na kushe, ba ke ba. In kin daina ɗauka har abada ma ke nake so." Ba ta amsa ba, ta dai karanta shi fiye da yadda ya kamata.

Mama ce ta gaji da kumburin fuska biyu a gida. Ta lallaɓi Baba ya yarda yaron ya zo cin abincin rana, kuma ranar ta faɗo daidai da ranar rufe gasa.

Aka ajiye tiren shinkafa da soyayyen kifi a tsakar falo, tururi na tashi. Baba ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga. A daidai nan rana ta ɓullo. Haske ya kwararo ta taga ya kwanta a kan tiren, irin wanda Auta ta yi mako tana roƙo. Ba ta san lokacin da ta zaro waya ba.

"Baba, don Allah, minti..."

Hannun Baba ya tsaya a sama. Ya juya ya kalli baƙon.

Mai Taga ya miƙe, ya je ya ja labule ya rufe tagar.

"Ajiye wayar, Auta. Baba na jin yunwa." Ya dawo ya zauna a ƙasa. "Bismillah, Baba, ku ci da zafinsa."

Auta ta sauke wayar. Shi da ya koya mata jiran haske, shi ya kashe mata shi a ranar ƙarshe. Ta juya ta nufi ɗakin girki, idonta taf da hawaye, ta ƙudura a ranta ta gama da gasar, shi ma ya ji da kansa.

A bakin ƙofa ta waiwaya don ta harare shi. Labulen bai rufe duka ba. Wani siririn haske ya ratso ya sauka kan tiren da aka riga aka ɓata wa tsari, shinkafa ta zube a gefe, tururi na ratsa hasken. Hannun Baba, mai jijiyoyi da kantar sitiyari, ya ɓare tsokar kifi mafi kyau yana tura ta gaban saurayin. Ba ta hau kujera ba, ba ta ce kowa ya tsaya ba. Ta danna sau ɗaya.

"Me kika ɗauka kuma?" in ji Baba, baki cike. "Kawo nan."

Ta miƙa masa. Ya riƙe wayar da hagu, ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana kallo. Mai Taga ya leƙa, ya haɗiyi yawu, ya ce a hankali, "Wannan kam na ji yunwa."

"Wannan hannuna ne?" Baba ya tambaya. Ya ɗaga hannun ya juya shi. "Ashe haka ya tsufa."

Mama ta sunkuyar da kai.

"Aika wa masu gasar shi," in ji Baba, ya miƙa mata wayar. Sannan ya dubi saurayin. "Kai kuma, yaro, ka turo manyanka. Ina so in ba da Auta da hannun nan tun yana da ƙarfi."

Hoton ya zo na biyu, abin da Auta ba ta daina mita a kai ba har aka sa rana. Ranar ɗaurin aure, da aka zo rakiyar amarya, ta durƙusa gaban Baba tana kuka. Tsohon da bai saba magana mai taushi ba ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Auta. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Tashi ki je, mijinki na jira."