Ranar da Waya Ta Yi Shiru

A garin Birnin Gwari akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da kai sosai, amma taurin kan nata ya fi. Idan ta ce a'a, to sai dai ka nemi wuri ka zauna.

Mahaifinta, Malam Ɗalha, likitan dabbobi ne. Yana da shagon magani a bakin kasuwa. Yana aiki tare da abokinsa Timothy. Shagon yana da lambar waya guda ɗaya, wadda makiyaya da manoma suka sani.

Da can, idan an rufe shago, kira yakan faɗi a banza. Sai Malam Ɗalha ya sa wata manhaja a wayar shagon. Manhajar ce take raba musu ranakun jiran kira. Duk wanda ya kira lambar, ita da kanta take tura kiran ga mai aikin ranar. Juma'a ta Timothy ce. Lahadi ta Malam Ɗalha ce.

Ita kuwa yarinyar nan, ta tsani Lahadi. An saya mata keke tun da Sallah, amma har yanzu ba ta iya hawa ba. Duk Lahadin da Baba ya riƙe mata sirdi, sai wayar ta yi ƙara. Sai ya ɗauki jakarsa ya hau babur.

Wata Asabar ta tsaya a gabansa, ta riƙe ƙugu.

"Baba, wai shanu sun fi ni ne?"

Baba ya yi dariya. "Haba Mamana, wa ya fi ki? Amma saniya ba ta san Lahadi ba. Ciwo ma bai sani ba."

"To a ba Kawu Timothy Lahadin mana!"

"Akwai dalili. Ki bari na dawo, zan yi miki bayani."

"Ba na son bayani. Keke nake so!"

Inna ta leƙo daga ɗakin girki. "Ke! Da babanki kike magana haka?"

Ta zumɓura baki, ta yi ɗaki. Amma ba ta haƙura ba. Ina!

Da yamma Baba ya bar wayar shago a caji, ya tafi masallaci. Ta san lambar buɗewa, domin ta sha ganin yana dannawa. Ta shiga manhajar. Ta cire sunan Baba daga Lahadi, ta sa na Timothy. A gaban sunan Baba kuma ta danna "hutu".

"Yauwa," in ji ta. "Gobe mu ga wanda zai kira."

Washegari kuwa waya ta yi tsit. Baba ya duba ta, ya sake dubawa.

"Ikon Allah! Yau dabbobin garin nan duk lafiya suke?"

"Sai mu je keke," in ji ta, tana ɓoye murmushi.

Suka fita fili. Baba ya riƙe sirdi, tana tuƙawa, tana faɗuwa, tana tashi. Daɗi kamar ya kashe ta. Har rana ta yi sama ba su gaji ba.

Can sai suka hango wata yarinya tana gudu. Huraira ce, ƙawarta, wadda suke zama benci ɗaya a aji. Rugarsu tana bayan gari, ta hanyar Kuyello. Ba takalmi a ƙafarta. Ƙaya ta soke ta, jini yana fita.

"Likita! Likita!" Numfashinta yana sarƙewa. "Saniyata ce. Tun da hantsi take naƙuda, ɗan ya ƙi fitowa. Babana ya hau dutse don ya samu sabis ɗin waya. Ya kira, ya kira, ba a ɗauka ba!"

'Yar Malam Ɗalha ta tuna sunan da ta canza a wayar. Ta san saniyar nan. Ita ce aka ba Huraira tun ranar sunanta. Ba ta da wata sai ita. Kullum a aji zancenta ke nan.

Baba bai tsaya tambaya ba. Ya ɗauko jaka, ya tada babur, ya ɗora Huraira.

"Ni ma zan je!" in ji 'yarsa.

"Koma gida."

"Wallahi ba zan koma ba!" Kafin ya sake magana, ta haye bayan Huraira.

A ruga suka tarar da saniyar a kwance, idonta ya yi fari. Jaji, baban Huraira, yana riƙe da kanta. Baba ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya durƙusa. Ya daɗe yana fama. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Huraira tana kuka, ita ma 'yar likitan tana kuka.

Daga ƙarshe sai ga 'yar maraƙa ta faɗo. Ba ta motsi. Baba ya share mata hanci, ya murza ta da ciyawa. Sai ta yi atishawa! Uwar ta ɗago kai da ƙyar, ta fara lasar ta.

"Da mun ƙara jinkiri kaɗan, da duka biyun mun rasa," in ji Baba.

Ana haka Timothy ya iso a babur, da kayan cocinsa a jiki.

"Oga, yanzu na kunna waya na ga kiran Jaji rututu. Me ya kawo su wurina yau?"

Jaji ya miƙe a fusace. "Ashe kai ne! Kana can kana hutawa, dabbata tana mutuwa? Ni da lambar nan taku har abada. Kuma sai na gaya wa kowace ruga!"

Timothy ya sunkuyar da kai. Baba ya ciro wayar shago ya duba. Sai ya ɗago, ya kalli 'yarsa.

"Ni ba ruwana!" ta yi saurin cewa. "Ai na'ura ce take tura kira. Na'urar ce ta yi!"

"Na'ura tana bin abin da aka gaya mata ne, Mamana," in ji Baba a hankali.

Ta buɗe baki za ta ƙara musu. Sai idonta ya sauka a kan ƙafar Huraira mai jini. Ta dubi Kawu Timothy, wanda ake zagi a kan abin da bai yi ba. Kunya ta kama ta, kamar ta nutse a ƙasa.

Ta tako ta tsaya tsakanin Jaji da Timothy.

"Baffa Jaji, kada ka ƙara yi masa faɗa. Ni ce. Ni na canza sunan, don Baba ya koya mini keke. In duka ne, ga ni."

Jaji ya dube ta daga sama har ƙasa. "Ke? Don keke?"

"E, Baffa. Ka yafe mini. Kawu, ka yafe mini. Huraira..." Sai kuka ya ci ƙarfinta.

Timothy ya dafa kanta. "'Yata, ran Lahadi ina coci, waya a kashe. Ran Juma'a babanki yana masallaci, ni nake riƙe masa. Haka muka tsara, don kada wanda ya kira ya rasa mai amsa masa."

"Bayanin da kika ce ba ki so ke nan," in ji Baba.

Jaji ya yi ajiyar zuciya. Ya miƙa wa Timothy hannu. "Yi haƙuri, na yi saurin fushi. Lambar tana nan a wayata."

Baba bai doke ta ba. Amma keken ya shiga ɗaki har sai da saniyar ta miƙe. Kullum bayan makaranta, ita take raka Huraira da maganin saniyar a hannu. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Baba kuma ya canza lambar buɗe wayar. Ya gyara manhajar, ta yadda idan ɗaya bai ɗauka ba, kiran zai wuce ga ɗayan. Koyon keke ya koma yammacin Juma'a, lokacin da Timothy yake jiran kira.

Ranar da ta fara tuƙi ita kaɗai, ruga ta nufa, Baba yana biye da ita a babur. Maraƙar ta taho da tsalle.

"Me kika sa mata suna?" ta tambayi Huraira.

"Ladi mana. Ba ran Lahadi kika kusa kashe mini ita ba?"

Suka fashe da dariya.

Yara, kada ku taɓa abin da aka tsara don ku ji daɗin kanku. Idan ba ku gane dalili ba, ku tambaya, ku saurari amsa. Idan kuma kun yi kuskure, ku tsaya ku ce, "Ni ne," kada ku bari a zagi wani a madadinku.