Bargon Dutsen Marmaro

Ranar da aka gama tsinke tuffa, Mushtak Dar na zaune da ɗan kaskon jin ɗumi cikin rigarsa, kamar yadda ake yi a ƙasarsu mai sanyi, sai 'yarsa Nusrat ta dawo daga daji da kwando. Karatun tsirrai take yi a jami'a, saura mako guda ta miƙa abin da ta tattaro. Ta baje su kan tabarma: laimar kwaɗi ja da fara, gansakuka mai laushi, da wani busasshen abu ruwan toka da ta kankaro da wuƙa daga jikin dutsen bakin marmaro.

"Mutane na kawo itace daga daji, ke kin kwaso mana ruɓa," in ji mahaifiyarta, Habla.

Ana kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufin gidan. Sai na biyu. Mushtak ya zagaya gidan, babu kowa. Washegari ya tare maƙwabcinsa Kadir da zargin jifan, suka yi cacar baki, amma da magariba Kadir na tsaye a gabansa duwatsun suka sauko, jiƙaƙƙu, masu sanyi. Kwana uku ana haka. Shayin gishirin da suke sha kullum ya koma warin rima. Nusrat ta daina ci, ta naɗe a lungu tana kakkarwa duk da bargo uku. Likita ya duba, ya ce lafiyarta ƙalau. Mushtak ya ji kamar ya shaƙe shi.

A rana ta huɗu ya ɗauko Pir Abdul Ahad, tsohon malamin ƙauyen sama. Malam ya zauna ya yi ta karatu har hasken taga ya dushe. Sannan Nusrat ta ɗago, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Sanyi nake ji."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?" in ji malam.

"Dutsen nan gidana ne. Bargon da ta kankare, tun kakanta yana goye nake saƙa shi. Ga ƙanƙara na tafe, jikokina a waje. Nan zan yi hunturu."

"Ba ki da wurin zama a jikin 'yar mutane. Za a mayar miki da kayanki."

"Ta busar da shi, ta manna a takarda! In na feɗe maka fata na miƙo maka, za ta koma?"

Mushtak ya zabura. "To me kike so? Gidan zan tashi in bar miki?"

Malam ya ɗaga masa hannu. Aka yi ta ja, ta nemi shekara, malam ya hana ta ko kwana ɗaya. Daga ƙarshe ta sauko: a mayar da komai gindin dutsen, kuma duk Juma'a maigidan da kansa ya yayyafa masa ruwan marmaro har bargon ya sake rufe shi.

"Na yarda," in ji Mushtak, don a gama.

Nusrat ta yi atishawa sau uku, ta sulale. Kwano ya yi tsit.

Da safe ya kwashi takardun ya hau tudu, Nusrat na bin sa tana kukan shekararta da ta tafi a banza. Ya cika buta a marmaro ya zuba wa dutsen, ya dubi farin tabon, faɗinsa kamar faifai.

"Ke da kika karanta, wata nawa abin nan ke yi kafin ya rufe?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, irin wannan sai ya shekara arba'in."

Shekarun Mushtak sittin da biyu. Ya daɗe a tsaye da butar a hannu, sannan ya sake cika ta.