Jan Ƙyallen Ƙafar Klaske

Renske yarinya ce mai son a yabe ta. Kowa yana so, gaskiya ne. Amma nata son ya ɗan fi na kowa.

Gidansu gonar shanun madara ce, a bayan ƙauye, can ƙetaren gada. Cikin shanun duka babu wadda take ƙauna kamar Klaske, wata saniya mai baƙi da fari, mai son a sosa mata wuya.

Wata rana Malama Hiske ta ce wa 'yan ajinsu, "Gobe kowa ya kawo hoton dabbar da ya fi so. Za mu manna su a bango."

Tun kafin a tashi Renske ta yanke hukunci. Hotonta ne zai fi na kowa kyau.

Sai dai a makon nan Klaske ba ta da lafiya. Hantsarta ta kumbura. Likitan dabbobi ya zo ya duba ta, ya ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Baba kuma ya ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafar baya. Haka ake yi a gonar. Saniyar da ke shan magani daban ake tatsarta, a zubar da madararta. Ba a haɗa ta da ta sauran a babban tanki. Renske ta san wannan doka sarai, ba ta dai taɓa tambayar dalilinta ba.

Da yamma, bayan an gama tatsa, ta ari wayar Mama ta shiga garke. Ta goge Klaske tas. Ta ja da baya za ta ɗauki hoto, sai idonta ya faɗa kan ƙyallen. Duk kashin shanu ya ɓata shi.

"Haba Klaske," in ji ta, "da wannan tsumma za ki shiga ajinmu? Ai sai Jelmer ɗan ajinmu ya shekara yana mana dariya."

Ta sunkuya ta kwance shi, ta cusa a aljihun rigar sanyinta. "Yanzu zan mayar miki," ta ce.

Ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka. Tana cikin haka ta ji muryar kakarta, wadda suke kira Beppe, daga ƙofar gida.

"Renske! Dankali zai huce! Ko saniyar ce za ta ci miki?"

Ta ruga a guje, wayar a hannu, ƙyallen a aljihu.

Kawu Douwe, ƙanen Mama, yana wurin cin abincin. Baba zai tafi taron manoma a birni da sassafe, shi ya sa aka roƙi Kawu ya yi tatsar safe.

"Ka tabbata za ka iya?" Baba ya tambaye shi.

Kawu ya yi dariya. "Ni duk shanunka fuskarsu ɗaya a wurina. Ƙafa nake kallo. Mai jan ƙyalle gefe, sauran tanki. Shi ke nan."

Renske tana zaune kusa da shi. Amma idonta na kan hoto, kunnenta kuma ya tafi yawo.

Washegari a makaranta abin ya yi mata daɗi. Mama ta buga mata hoton Klaske a takarda, Malama ta manna shi a tsakiyar bango. Jelmer, wanda gonarsu ke gaba da tasu Renske, ya kawo hoton zomonsa, amma kunne ɗaya kawai ya fito. Aka yi ta dariya. Renske ta fi kowa ƙyaƙyatawa.

Aka fita tara. Iska tana kaɗawa da sanyi. Renske ta tura hannu a aljihu don ta ji ɗumi, sai ta taɓa wani abu mai kaushi. Ta jawo shi.

Jan ƙyallen ne.

Maganar Kawu ta dawo mata kamar yanzu ya faɗe ta. Ke nan madarar Klaske tana cikin tanki. Kuma yau ne motar ɗaukar madara take zuwa kafin tsakar rana. Motar tana bi gona-gona, tana haɗa madarar kowa wuri ɗaya. Baba ya sha faɗa cewa idan madara mai magani ta shiga motar, ta maƙwabta duka ta lalace. Har da ta gidan su Jelmer.

Ta waiga. Babu mai kallonta. Ga kwandon shara nan kusa da katanga. Idan ta jefa ƙyallen a ciki, wa zai sani? Za a ce faɗuwa ya yi. Ko a ce Kawu ne bai duba da kyau ba.

Har ta isa bakin kwandon. Sai ta tuna yadda Kawu ya tashi cikin sanyi don ya taimake su. Hannunta ya ƙi sakin ƙyallen. Ta juya ta shiga aji da gudu.

"Malama," ta ce, "na yi ɓarna."

Malama Hiske ta ajiye abin da take yi. "Zauna. Wace iri?"

Renske ta nuna mata ƙyallen, ta faɗi komai. Malama 'yar manoma ce, ba ta buƙaci dogon bayani ba. Nan take ta ɗauki waya.

Wayar Baba a kashe take, yana cikin taro. Ta Kawu ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, yana kan tarakta a gona. Mama tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na masana'antar cuku, kuma ba a shiga wurin da waya. Aka kira wayar gida, ba a ɗauka ba. Beppe kuwa, ko ƙararrawar coci ba kullum take ji ba.

"Ɗauko rigarki," in ji Malama. Ta leƙa ta roƙi shugaban makaranta ya riƙe mata aji, suka shiga motarta.

Suna fitowa daga ƙauye Renske ta hango motar madarar a gabansu, doguwa, tana ƙyalli.

"Ga ta can! Malama, ki yi sauri!"

Motar madara ta haye gada. Su kuwa suna isowa, jar fitila ta kama, aka sauke sandar tare hanya. Gadar ta fara ɗagawa sama don wani jirgin ruwa ya wuce.

Renske ba ta taɓa ganin jirgi mai nawa irin wannan ba. Wani tsoho ne a ciki da karensa, har yana ɗaga musu hannu. Ta fashe da kuka.

"Shi ke nan, Malama. Mun makara."

"Ba mu sani ba tukuna," in ji Malama. "Share hawayenki. Kin riga kin yi abin da ya fi wuya."

Da gada ta sauka suka wuce. Suna shiga gonar Renske ta ga motar a tsaye bakin ɗakin tanki. An riga an jona babban tiyo. Ta buɗe ƙofa ta fita tana ihu.

"Kar a zuƙa! Kar a zuƙa!"

Babu kowa a wurin. Injin motar ma shiru.

Sai ƙofar kicin ta buɗe. Auke, direban motar, ya fito da kofi a hannu ɗaya, yankan kek a ɗayan. Beppe tana biye da shi da buta.

"Lafiya, 'yar nan?" ya tambaya, baki cike.

"Ka zuƙe madarar?"

"Ina fa! Kakarki ta bar ni? Ina jona tiyo ta riƙe min hannu, wai ba mai aiki a gidanta da cikinsa a wofi."

Renske ta zube a ƙasa ta zauna, tana dariya tana kuka. Shekara da shekaru ana yi wa Beppe tsiya kan yadda take tsare mutane da kofi. Ranar babu wanda ya yi mata.

Auke ya ji labarin, ya cire tiyonsa. "Yau ba zan ɗauki ko ɗigo a nan ba sai an gwada," ya ce. Ya dubi Renske. "Da kin yi shiru, da ni da maƙwabtanku duka mun shiga uku. Na gode, yarinya."

Kawu Douwe ya iso a kan tarakta. Da aka gaya masa, ya cire hula ya sosa kai.

"To, ashe har da madarar mai jinyar na zuba a tanki. Wallahi ƙafa na duba."

"Kawu, laifina ne," in ji Renske. "Ka yi haƙuri."

Ba ta jira an ce mata ba. Ta shiga garke ta ɗaura wa Klaske ƙyallenta, da kashin shanunsa da komai.

Da rana Mama ta dawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko ƙaramin akwatin gwajin da suke ajiyewa a gida, ta kira Renske.

"Zo ki gani da idonki."

Ta nuna mata wata 'yar kwalba mai launin shunayya a ƙasanta. "A cikin nan akwai ƙananan halittu, ido ba ya ganin su. Barci suke yi. Za mu zuba musu madarar tanki, mu sa su a wuri mai ɗumi. Idan madarar lafiya lau ce, za su farka su sha, launin ya koma ruwan ɗorawa. Idan akwai magani a ciki, ba za su iya tashi ba, launin ya tsaya yadda yake."

Renske ce ta ɗiga madarar da hannunta. Sai jira. Ta leƙa, ta koma. Ta sake leƙawa.

"Za ki huda kwalbar da ido," in ji Beppe.

Da lokaci ya yi Mama ta ɗaga kwalbar. Launin bai canza ba.

Renske ta matso kusa. "Mama, saniya ɗaya ce fa cikin duka. Ai maganin ɗan kaɗan ne."

"Ɗan kaɗan ɗin ne abin tsoro," in ji Mama. "Magani idan ya isa, yana kashe ƙwayoyin cuta. Idan kuwa kaɗan ne, masu taurin kai a cikinsu ba sa mutuwa. Sai su yi yawa, su haifi irinsu. Ranar da mutum ya kwanta ciwo aka ba shi maganin, sai ya ƙi aiki. Kin tuna bara da ciwon huhu ya kama Beppe?"

Renske ta gyaɗa kai. Ba za ta manta ba. Kullum sai ta je asibiti ta riƙe mata hannu.

"Irin wannan maganin ne ya tashe ta. Don shi muke ɗaura ƙyallen nan, don ya ci gaba da aiki."

Renske ta dubi Beppe, tana can tana wanke butar kofinta. Sai yanzu ta gane abin da ta kwance daga ƙafar Klaske.

Da yamma Baba ya dawo. Ya saurari labarin har ƙarshe. Sannan ya ce, "Sa takalmin garke ki biyo ni."

Ya buɗe bakin tanki. Madara ta yi ta kwarara cikin ramin taki, fara fat, aikin kwana da kwanaki. Renske ta tsaya tana kallo, hawaye na zuba.

"Ya yi min ciwo," in ji Baba. "Ba zan ɓoye miki ba. Amma tamu kaɗai muka zubar. Ban shiga gidan maƙwabci ina ba da haƙuri ba, kuma babu yaron da ya sha. Wannan kuma albarkacin gaskiyar da kika faɗa da wuri ne."

Ya miƙa mata burushi. Tare suka wanke tankin. Daga ranar kuma aka ba ta aiki: kafin kowace tatsa, ita ce mai bin ƙafafun shanu tana duba ƙyalle.

Klaske ta warke. Bayan ta gama shan magani aka jira kwanakin da likita ya ce, sannan Mama ta sake ɗauko akwatin gwaji. Wannan karon madarar Klaske kaɗai aka ɗiga. Renske ta zauna gaban kwalbar har ƙafarta ta yi tsami.

"Mama! Ya koma ruwan ɗorawa! Sun farka!"

Baba ya yi murmushi. "To je ki kwance mata. Yau da izini."

Renske ta shiga garke. Kafin ta taɓa ƙyallen, ta ɗauki Klaske hoto da shi a ƙafa. Washegari ta roƙi Malama a cire tsohon hoton a manna wannan.

Jelmer ya matso ya duba. "Mene ne wannan tsumman a ƙafarta? Na farkon ya fi kyau."

"Tsumman nan ne ya kusa cinye madarar gidanku," in ji Renske. "Zauna in ba ka labari."

Duk ajin suka taru suka ji. Da ta gama, Malama Hiske ta ce, "Yara, kun ji. Idan kun ga an sa wa abu alama, kar ku cire sai kun tambayi dalili. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa."

Da Renske ta koma gida ta tarar da Auke direba a kicin, Beppe ta tsare shi da kofi kamar kullum. Ta ajiye jakarta, ta yanko kek babba, ta ƙara masa a faranti.