Motar Da Ke Son Hagu

A can wani gari mai yawan albasa, an yi wani mutum mai tsohuwar akori-kura. Wata rana motar ta fara ja hagu. In ya murɗa sitiyari dama, ita sai ta yi hagu.

Matarsa ta ce, "Malam, ka shimfiɗa tabarma ka leƙa ƙarƙashinta mana."

Ya dubi farar babbar rigarsa ya ce, "Ni da girmana in kwanta a ƙasa? Hagu take so, a ba ta hagu."

Ƙofar gidansa tana dama, sai ya fasa katanga ya mayar da ita hagu. Kasuwa tana dama, sai ya koma kai albasa wani ƙauye na hagu, inda babu mai saye. Kullum matar ta ce ya leƙa, kullum ya ce, "Hagu take so, a ba ta hagu."

Ran da ya loda albasar shekara, yana fita hagu ta kai shi kududdufin bayan gida. Motar ta kife, tayoyi sama, albasa ta bi ruwa. Ya rarrafo waje, riga duk taɓo. Sai ga ƙarƙashin motar a fili. Ashe noti ne ya kwance a sandar da ke haɗa sitiyari da taya.

Matar ta miƙo masa sifana, ya ɗaure notin yana tsaye. Ya juyo, taɓo na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Kin gani ko? Ban kwanta ba."