Fitilar Likitan Haƙori

A layin kofi na ofishin rajistar ƙirƙira a Chennai Kathir ya fara ganin Ilakkiya, rungume da farantin ƙarfe. Shi ƙaramin lauya ne, ga baki kamar rediyo.

"'Yanmata, abinci ake rabawa a ciki?"

Ta harare shi. "Fasahar Appa ce, wato mahaifina. Fentin ƙarfe da haske ke busarwa nan take, ba wuta ba tanda."

Harara ta koma hira, har ya raɗa mata sunan soyayya, Kannamma. Ran nan a bakin teku ta ba shi labari tana dariya: yana zaune a kujerar likitan haƙori ne mahaifinta, Appa Murugesan, ya samo dabarar, da ya ga shuɗiyar fitila ta daskarar da cikon haƙorinsa.

Gogan naku kuwa ya kwashe ya kai ofis don a sha dariya. Ashe ogansa ke kare kamfanin da ke ƙalubalantar rajistar! Ranar zaman shari'a ogan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina ƙirƙira a nan? Duk wanda ya taɓa ciwon haƙori zai hango wannan."

Aka soke rajistar, wahalar shekaru ta bi ruwa.

Kathir ya tura saƙo: "Kannamma, bakina ne ya jawo. Na ajiye aikin. Wallahi kunya ta hana ni sakat."

Ta amsa: "Ni na fara ba ka labarin. Ko idon Appa ba na iya kallo."

Ya je ya durƙusa gaban tsohon ya faɗi gaskiya.

"Fita min daga shago! 'Yata ba ta auren rariya."

Ilakkiya ba ta roƙa ba, da wane bakin? Sai rama. Wata safiya ta kai wa Appa kofi, ta tarar yana haska fentin tukwanen da ake kai amarya da su. Ta duba bakin tukunya inda ake zana suna: nata ne da na Kathir. Ta fashe da kuka.

Appa ya ce, "Share hawayenki. Wa na bari ban ba labarin nan ba? Har mai shayi ya haddace. Amma yaron nan kaɗai ya zo ya ce shi ne."

Ranar biki Kathir ya ɗaura mata zaren aure a wuya. Murugesan ya watsa musu shinkafa mai kurkum, ya sa albarka, ya sunkuyo saitin kunnen ango.

"Ka jawo min asarar takardar rajista, na yafe. Wannan 'yar tawa kuwa, in ka yi sake da ita, babu ɗaukaka ƙara."